Daƙiƙa Biyu a Maƙera

"Rufe ƙofar nan," in ji maƙerin. "Da rana a kaina zan gane launin ƙarfe?"

'Yarsa ta rufe. Shekara bakwai tana ɗaukar hoton amare da shugabannin kamfanoni, mutanen da ba su da wani aiki sai tsayawa a gaban haske. Yau ta zo wurin wanda haske ke ɓata wa aiki.

Ta fara da filasha. Wutar ta mutu a hoton, garwashin ya koma toka, jan ƙarfen ya fito fari fat kamar bai taɓa shiga wuta ba.

"Wannan ce sana'ar da aka biya wa kuɗin makaranta?" ya tambaya.

Ta kashe filashar, ta kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku.

"Baba, zan bar idonta a buɗe daƙiƙa biyu ta sha hasken wutar. Riƙe gudumar, kada ka motsa."

"Ni da na riƙe ta tun uwarki ba ta san ni ba?"

Ta danna. Ta duba.

Komai ya fito. Awartaki uku a jikin bango, tsagar da ke gefen uwar maƙerar da yake dukan ƙarfe a kanta, har furfurar girarsa. Harshen wutar ya kwanta da laushi kamar siliki. Hannun damansa ne kaɗai babu, sai wani hazo mai siffar hannu, da guduma uku a cikinsa.

Sai ta gane dalilin da wuƙaƙensa ke fitowa a karkace tun bara, shi kuwa yana zagin ƙarfen zamani. Yayanta ya daɗe yana neman hujjar rufe maƙerar, a zaunar da tsohon a falo gaban talabijin. Ga hujja, kuma ta yi alkawarin tura masa hotunan yau.

Maƙerin ya leƙo ta kafaɗarta. Ya daɗe yana kallo.

"Kyamararki ce ke rawa."

"A kan ƙafafu take, Baba."

"To ƙafafun ne."

Ya sa hannun a aljihu. Gawayi ya fashe a wutar, babu wanda ya waiga.

Ta saita kyamarar ta ɗauka da kanta, ta zagayo ta tsaya a gefensa. Ta ciro hannun daga aljihun, ta ɗora shi a kan gudumar, ta ɗora nata a kai. Rawar tana shigowa har gwiwar hannunta. Ta danne.

Wannan karon yatsu goma suka fito, kowanne da farcensa.

"Ba na faɗa miki ba?" in ji shi.

Ta tura wa yayanta hoton ƙarshen. Mai hazon kuwa ba ta goge ba, likita zai so ya gani.