Jan Zaren Kaltume

Kaltume na tsaye kan benci tana kankare fentin shagonta da tsohuwar wuƙa lokacin da motar kamfanin Burodin Alfijir ta tsaya a bakin kwata. Ko waiwaye ba ta yi ba. Ta san Ɗahiru ne, ɗan maƙwabciyarta Dije a nan Unguwar Kanawa, wanda yanzu yake zagaya shagunan kamfanin da taye a wuya.

Shekaru ta yi tana sayar da burodinsu da sunansu. Su suka yi mata fenti ruwan ɗorawa da ratsin kore, suka kafa mata allo mai hoton zakara. To, tun da fulawa ta yi tsada burodin ya lalace, ka matsa shi sai iska, masu shayi kullum cikin yi mata mita. Ta ce ta gaji da shan zagin da ba nata ba, ta koma ɗauko na gidan burodin ƙaninta Nuhu a Unguwar Shanu. Shi ke nan kamfani ya ce a rabu.

Ɗahiru ya rusuna ya gaishe ta, ya zaro yarjejeniyar da ta dangwala wa hannu. Ya ce sunan Alfijir da hoton zakara su ne tambari, na kamfani ne. Ta nuna masa allon jingine da bango, ta ce ya ɗauka. Ya ce fenti da ratsi da fasalin kantar gilashi su ma an rubuta su, kamannin shago ke nan, wato duk abin da mai saye zai gani ya ɗauka Alfijir ne. Ta tambaye shi ko makaho ne, bai ga abin da take yi tun safe ba?

Sai ya yi ƙasa da murya. "Gwaggo, saura jan zaren."

Nan ta sauko daga benci.

Jan zaren nan kowa a unguwa ya san asalinsa. Ragowar ulun da take saƙa hulunan jarirai da shi ne, ta fara ɗaure bakin leda da shi don kada burodi ya bushe. Mata suka riƙa aike suna cewa a sayo mai jan zare. Manajan kamfani ya gani, ya yaba, ya sa duk shaguna su kwaikwaya, da aka zo sabunta takarda kuma aka cusa shi ciki. Wai yanzu nasu ne! Ga shi sun buɗe sabon shago a tsallaken titi, fenti sai sheƙi yake. In ta bar zaren, ta san masu sayenta can za su bi shi. Ranta ya ɓaci.

"A hannun wa manajanku ya fara ganinsa?"

Ɗahiru ya ce ba ya musu, amma abin da aka sa wa hannu shi lauya ke dubawa, kuma maganar tana iya kaiwa kotu.

"To a kai ni. Fenti naku ne, ga shi nan a ƙasa, nemi tsintsiya ka kwashe. Zakara naku ne. Zare kuwa, wallahi sai alƙali ya zo da almakashinsa ya yanke da kansa."

Ya naɗe takardarsa, ya saɓa allon a kafaɗa ya kai mota. Ta ɗauka ya tafi, sai ga shi ya dawo yana sosa ƙeya. Ashe tun da safe mahaifiyarsa ta ce kada ya sake ya dawo mata da iskar nan ta kamfaninsu, na wurin Kaltume take so. Ya ce ta ba shi biyu, amma don Allah kada ta ɗaure, direba na kallo.

Kaltume ta zura burodin a leda, ta jawo ƙunshin ulu daga ƙarƙashin kanta, ta warwaro mai tsawo, ta tsinke da haƙori. Ta ƙulla, ta sake ƙullawa, ta bar jelar tana reto.

"Ka gaida Dije."

Ya tsaya yana kallon ledar. Can ya karɓa da hannu biyu, ya nufi motar mai hoton zakara a ƙofa. Ita kuma ta ɗauki wuƙarta ta hau benci, saura bangon gefe.