Saniyar da Jami'a Ta Sayar

Busingye ta dawo daga hutu da fara'arta da tsarabar gyaɗa, ta tarar an sayar da saniyar.

Aikinta a jami'a shi ne nemo masu hannu da shuni su taimaka, da riƙe su bayan sun taimaka, na biyun kuwa ya fi na farkon cin rai. Cikin mutanenta babu kamar Mzee Rwabutara, dattijon da tudun da ke bayan makarantar nasa ne. Ta daɗe tana hawa gidansa a bayan ɗan acaɓa, ta sha madara har ta ƙoshi, ta saurari labarin shanun kakanninsa, ba ta taɓa buɗe baki ta roƙe shi komai ba. Shi da kansa ya ce zai ba da gefen tudun a gina wa ɗalibai mata wurin kwana, don ya gaji da ganin 'ya'yan mutane suna haya a bayan mashaya. Kafin a kai ga miƙa filin, sai ya aiko da saniya, ja mai farin goshi, sunanta Kyasha.

Duk ɗan Ankole, yankin makiyayan da jami'ar take, ya san abin da hakan ke nufi. Wanda ya ba ka saniya zumunci ya ƙulla da kai. Ba a yanka ta, ba a kai ta kasuwa, in ta haihu kai ma ka mayar masa da maraƙa. To amma ma'ajin jami'ar, Mista Ssebunya, ɗan Kampala ne, saniya a wurinsa nama ce da ba a kai ga gasawa ba.

"Ta cinye furannin ƙofar shugaban jami'a, ta ɓata filin taro," in ji shi, yana ɓare gyaɗar da ta kawo masa. "Kuma ta yi daraja a kasuwa. Godiya ya kamata ki yi mini."

"Ranar Asabar Mzee zai zo gaishe ta."

"Gaishe da wa?"

"Da saniyar."

Ya ajiye gyaɗar. Mutumin kirki ne, rashin sani ne kawai ya yi masa yawa. Da ta gama yi masa bayani ya gane har filin ya kusa suɓucewa, sai ya fara gumi.

"Haba 'yar'uwa, jajayen shanu sun ƙare a ƙasar nan ne? Mu sayi wata. In goshin bai yi fari ba, ai akwai fenti."

Ta yi dariya, alhali kuka ne ke cinta. Washegari ta je kasuwar shanu. Dillalin ya ce wani ya saya ya kora, bai tambayi sunansa ba. Ya nuna mata wata ja mai farin goshi, ƙahonta kamar na Kyasha sak. Maganar gaskiya, Busingye ta tsaya a gabanta fiye da yadda ya kamata. Idon Mzee ya fara rauni, kuma 'yan matan nan suna bukatar ɗakin. Sai ta tuna yadda yake miƙo mata madara da hannu biyu, kunya ta kama ta, ta juya.

"Sa takalmin da zai iya dutse," ta ce wa Ssebunya. "Tare za mu hau."

"Ni kuma? Ai ke ce ta hannun damansa."

"Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski."

Suka isa da hantsi. Mzee na zaune a inuwa da sandarsa, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo madara. Ssebunya, wanda madara ba ta yi da cikinsa, ya shanye tas saboda tsoro.

"Yaya Kyasha?" in ji dattijon. "Tana cin ciyawar boko?"

"Lafiya ƙalau, ranka ya daɗe, sai ƙiba ta—"

Busingye ta taka wa Ssebunya ƙafa.

"Baba, mun sayar da ita. Na bi sawunta kasuwa ban same ta ba. Ban bar wa kowa bayanin matsayinta ba kafin in tafi hutu, laifin namu ne duka. Ban so ka sauko ranar Asabar ka ji a bakin wani ba."

 Mzee ya miƙe, ya ce su biyo shi. A bayan gida, cikin garke, ga Kyasha tana tuƙa hankalinta kwance, kamar ba ita aka yi ciniki a kai ba.

"Surukina ya gan ta a hannun dillali, ya saye ta ya koro mini," ya ce. "Tun ranar nake jira in ga wace saniya za ku nuna mini. Har na sa an wanke mini tabarau."

Ssebunya ya dubi ƙasa, ga alama fenti yake tunawa.

"Na ce a raina, wanda ya sayar da saniya zai sayar da fili," in ji dattijon.

 Busingye ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu, ya juya ga Ssebunya ya miƙa masa sandar.

"Kai ɗan birni, karɓi. Kai za ka kora ta ƙasa, kai za ka nema mata inda ba furanni. In ta haihu, kai za ka hawo mini da maraƙar."

"Ranka ya daɗe, ban taɓa kiwon ko kaza ba."

"Za ta koya maka. Ta fi wasu malamanku haƙuri."

Kyasha ta yi gaba, ma'aji na bin ta da kwat da sanda yana ce mata don Allah. Busingye ta yi dariya har da hawaye. Mzee bai yi ba. Ya bari suka yi nisa, sannan ya rage murya.

"'Yata, likita ya ce zuciyata ta gaji. Da wuya in ga an rufa wa ginin nan kwano. Ba fili nake tunani ba, wanda zan bar wa shi nake nema, wanda zai faɗi gaskiya ko ba ni nan balle in kama shi." Ya dafa kafaɗarta. "Ki turo masu awo gobe. Ki zo tare da su, ni ba na ba da ƙasa ga baƙi."

Ta ce to, Baba.  Ta riƙe masa gwiwar hannu tunda ba sanda, ta raka shi a hankali har inuwa.