Tsofaffin Jiragen Baba

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da Baba, babu abin da ya ƙi jini kamar ƙwallon robar da likita ya ba shi ya riƙa matsawa da hannun hagu. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin manyan motoci yana kwance injin, shi za a ce ya zauna yana matsa ƙwallo kamar jariri? Ƙarƙashin gado ya cilla ta. Babban ɗansa ne, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, ya saka masa wani wasa a waya inda mutum ke riƙe kamfanin jiragen sama: ka sayi jirgi, ka ɗora shi a hanya, ya yi ta jigilar fasinja. Jiragen kuma suna tsufa. Sabo ba ya neman komai sai mai, amma in ya kwana biyu sai ya fara laulayi, yau birki, gobe taya, kuɗin gyara na hawa riba na sauka.

Baba bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Da ya karya kumallo zai jingina wayar da filo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsan hagun nan mai rawa, wannan a kai shi gareji, wancan a canza masa injin. Yana yi yana musu faɗa kamar yaran shagonsa na da, har rana ta take. Kamfani dai ga shi nan, bai mutu ba bai yi rai ba, amma mai kamfanin ya fara iya ɓalla maɓallin rigarsa da kansa.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, a kantin magani take aiki, kuma ita ce mai bin kantar jera magunguna tana kwashe duk abin da wa'adinsa ya ƙare. Ta iya aikinta, ba ta da tausayin tsohon kaya ko kaɗan. Ranar da jinin Baba ya hau aka ba shi gado a asibiti, ita ya miƙa wa wayar.

"Ki duba mini jiragen nan, Auta. Kada su yini a ƙasa."

Da lokacin cin abinci ya yi ta zauna bayan kantar ta buɗe wasan. Ja ne ko'ina, kowane jirgi da alamar ciwonsa. Ga kuɗi jibge a asusun kamfani, don Baba ba ya sayen sabo. Wasan da kansa ya kawo shawara: a sayar da tsofaffin wa masu gwangwan, wato masu sayen tsofaffin ƙarafa, a kawo sababbi. Har sau biyu ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta tabbata mana. Kafin shayinta ya huce fuskar wayar ta koma kore shar, har ta nuna wa abokiyar aikinta tana cewa tsoho zai sha mamaki.

Ya kuwa sha. Ranar da aka sallamo shi, ko takalmi bai gama cirewa ba ya nemi wayarsa. Auta ta tsaya a kansa tana jiran yabo. Ya kai yatsa, yatsan ya tsaya a iska, ya rasa inda zai sauka.

"Ina mai jan wutsiyar nan?"

"Wanne, Baba?"

"Mai yawan zafin injin. Kullum shi nake fara dubawa."

"Ai duk na sayar. Ka ga yanzu riba ta ninka. Irin waɗannan abin da suke ci ya fi abin da suke kawowa, ajiye su asara ce kawai."

Sai da maganar ta fita ta ji yadda ta sauka a ɗakin, ga ledar magungunansa a kan tebur, ga sandarsa jingine da bango. Baba bai ɗago ba.

"Haka ne," ya ce. "Kin yi daidai."

Da ma faɗa ya yi mata da ya fi sauƙi. Washegari ya buɗe wasan bayan karin kumallo kamar yadda ya saba, ya duba, komai lafiya lau, ya kife wayar. Kafin mako ya zagayo ya koma barcin hantsi. Hannun hagun ya koma kan cinya ya kwanta. Wata safiya Auta na shirin fita aiki ta hango shi yana kokawa da maɓallin riga, ya yi ya yi, daga ƙarshe ya ja rigar ya rufe ƙirji ya bar ta haka. Kunya ta kama ta, da wani baƙin ciki da ta rasa wanda za ta ɗora wa sai kanta. A kanti ranar har ta miƙa wa wata mata maganin tari a maimakon na ciwon kai, sai da matar ta ankarar da ita.

Ta kira Yaya.

"Babu yadda za a dawo da su?"

"Abin da aka kai gwangwan? Ya tafi ke nan."

"To a fara wasan daga farko mana."

"Da sabon jirgi ake farawa, Auta. Ke ma da kin tambaya. Sai dai a jira waɗannan su tsufa."

"Yaushe za su tsufa?"

"A ƙalla wata shida kafin su fara neman gyara sosai. Na Baba sun fi shekara yana lallaɓa su."

Da yamma ta dawo ta sami Baba a falo yana kallon taga. Ta durƙusa gefen kujerarsa, ta ce masa ta yi kuskure, ta ɗauka taimako ne, kuma abin na cin ranta. Ta faɗa masa yadda suka yi da Yaya, ba ta rage komai ba.

Baba ya ɗauki wayar ya buɗe, ya daɗe yana kallon jeren jiragen, fes da su, babu mai ko tari.

"Wata shida ya ce?"

"Eh, Baba. Za su fara lalacewa, in sha Allahu."

Ya yi 'yar dariya jin addu'ar, ita ma ta so ta yi amma ta kasa. Ya miƙa mata wayar da hannun dama.

"Ki ajiye a wurinki. In sun tsufa ina nan, ki kawo mini."