Gonar Citta a Kan Gangare

"A hankali, Wei-lun. Ruwan sama na ce ka yi, ba wankin mota ba."

Malama Tseng Pei-ru ta kama hannun yaron ta ɗaga gwangwanin sama kaɗan, ruwa ya ci gaba da zuba ta ƙananan ramukan da ta huda da ƙusa. A kan teburin akwai manyan farantan roba biyu, an ɗora kan kowanne a bisa bulo ya zama gangare, an cika su da ƙasar bayan makaranta. Ɗaya ta lulluɓe shi da ciyawar da ta haƙo har da saiwarta, ɗayan ta bar shi ba komai. A gindin kowanne yaran sun jera kwalayen ashana a matsayin gidaje.

A waje kuwa ruwan gaske ne yake dukan kwano, kwana da kwanaki bai ɗauke ba. Rediyo ta ce guguwar teku za ta iso da yamma, makarantun kan duwatsu su tashi da tsakar rana. Pei-ru ta so ta ɗage darasin, sai ta ga ƙasar ta riga ta jiƙe, yaran kuma tun jiya suke ɗoki.

"Ku dubi ruwan da yake fitowa ta ƙasa. Me kuka gani?"

"Na mai ciyawa fari ne."

"Wannan kuma kamar shayi da madara."

"To ku kawar da ido daga gidajen, ku dubi can sama."

Wata siririyar tsaga ta bayyana a saman farantin da ba ciyawa. Ta buɗe baki. Ƴan tsakuwoyi suka gangaro. Kafin wani ya yi magana ƙasar ta sulale gaba ɗaya ta binne kwalayen, taɓo ya fantsama a rigar Wei-lun. Ajin ya kaure da dariya.

Pei-ru ta jira suka lafa. "Kun ga ba ta zo a ɓoye ba. Sai da ruwa ya gurɓace, sai da ƙasa ta tsage, sai da tsakuwa ta fara gudu. A dutse na gaske wani lokaci ruwan maɓuɓɓuga yana ɗaukewa, ƙofar gida ta ƙi rufuwa saboda ƙasa ta motsa a ƙarƙashinta."

Wei-lun yana goge rigarsa ya nuna farantin da haɓa. "Wannan ai gonar baban Hsiao-man ce. Babana ya ce tun da ya sare gora ya shuka citta, wata rana a kan gadonmu za mu tsince shi."

Wasu suka ƙyalƙyale. Pei-ru ta juyo ta dube shi. Duk shirin da ta yi, wannan bai faɗo mata a rai ba, alhali kowa a ƙauyen ya san rigimar gonar Kuo Chin-fa, baban Hsiao-man, da ke can saman gangare.

"Wei-lun, nemi gafararta."

Amma Hsiao-man ba ta ma kalle shi ba. Yarinya ce marar yawan magana, uwarta tana aiki a masana'anta a birni, ita tana zaune da ubanta da kakarta. Idonta yana kan kwalayen da ƙasa ta binne.

"Malama, idan ruwan famfo ya koma ja, sannan ya ɗauke fa?"

"A ina?"

"A gidanmu. Daga maɓuɓɓuga muke jawowa. Da safe ja ya fito, da na zo wanke kwano babu ko ɗigo." Ta dubi malamar. "Ƙofar baya kuma sai da Baba ya doke ta da kafaɗa."

Pei-ru ta ajiye gwangwanin a hankali.

Ta sami Hedimasta Hung a zauren taro yana sa a shimfiɗa tabarmi, domin mai unguwa ya yi shela da lasifika cewa duk wanda hankalinsa bai kwanta ba ya sauko makaranta. Ya saurare ta yana murza goshi.

"Na kira ofishin gunduma ɗazu. Sun ce ba mu kai matakin kwashe mutane dole ba, motocinsu kuma suna can kwarin gabas. Shawara kawai za mu iya bayarwa."

"To yarinyar ta zauna a nan."

"Idan ubanta ya yarda. Malama Tseng, ba a riƙe wa mutum ɗiyarsa. Chin-fa kuwa kin san shi."

Ta san shi daga nesa. Shekara biyu ke nan da aka turo ta daga birnin Taichung, har yanzu idan ta shiga shagon ƙauyen sai hira ta tsaya.

Iyaye suka fara zuwa da lema da babura. Ajin ya rage saura Hsiao-man da Wei-lun, wanda uwarsa take taya girki a zaure. Can sai ga ƙaramar motar ɗaukar kaya mai launin shuɗi ta tsaya a bakin baranda. Kuo Chin-fa ya fito, gajere mai faɗin kafaɗa, rigar ruwansa tana tsiyaya, takalman robarsa duk jar ƙasa.

"Ɗauko jakarki, mu tafi."

Pei-ru ta sha gabansa a bakin ƙofa. "Malam Kuo, don Allah minti ɗaya. Hsiao-man ta gaya mini abin da famfonku ya yi."

"Bututu ne ya toshe. Duk damina haka yake yi."

"Ƙofar fa?"

"Katako ne ya sha ruwa ya kumbura." Ya leƙa ta saman kafaɗarta, idonsa ya sauka a kan teburin. Ya daɗe yana kallon farantan biyu, mai ciyawa da wanda ya zube. Fuskarsa ta canja. "Wannan ne darasin yau?"

"Gwaji ne kawai, yana cikin littafinsu."

"Wanne ne ni a ciki?"

Pei-ru ta dubi farantan.

"Na ce wanne ne ni? Abin da iyayensu suke faɗa a shago bai isa ba, sai an zo an zana wa ƴata a kan tebur, a gaban ƴaƴansu." Bai ɗaga murya ba, hakan ya fi ba ta tsoro. "Dutsen nan ubana ya noma shi, kakana ya noma shi. Ke kin ɗebo ƙasa a faranti kin zuba ruwa da gwangwani, kin gama sanin dutse."

"Ban san shi ba," in ji ta. "Wallahi ban sani ba ko zai zaftaro. Mai yiwuwa bututu ne, mai yiwuwa katako ne. Amma idan na yi kuskure, asarar kwana ɗaya ce a kan tabarma. Idan kai ne ka yi fa?"

"Matsa mini."

Hedimasta Hung ya iso yana haki. "Chin-fa, a yi haƙuri. Malama Tseng, ba shi hanya."

Ta san ba ta da hurumin tsayawa a wurin, ta san gobe maganar za ta kai gunduma, a ce baƙuwar malama ta ci mutuncin uba a gaban ɗiyarsa. Ta matsa gefe.

Hsiao-man ba ta taso ba. Ta zauna a kujerarta, ta zagaye ƙafar teburin da hannu biyu.

"Hsiao-man."

"Ba zan je ba, Baba."

"Me kika ce?"

"Ka je ka ɗauko Kaka." Hawaye yana zuba amma muryarta ba ta karye ba. "Ɗakinta ne a baya."

Chin-fa ya tsaya yana kallonta kamar yau ya fara ganinta. Jijiyar wuyansa ta tashi. Pei-ru ta ɗauka zai finciko ta. Sai ya juya, ya tofar da yawu a cikin ruwan baranda, ya shiga mota ya buga ƙofa. Suka bi ta da kallo tana hawa hanyar dutse har hazo ya haɗiye ta.

Ba wanda ya san ko ɗauko tsohuwar ya tafi yi, ko fushi ne ya mayar da shi gida.

Iska ta taso. Mutane suka riƙa shigowa zauren da barguna da tukwanen shinkafa, wani tsoho har da kejin tsuntsunsa. Wuta ta ɗauke. Pei-ru ta kawo wa Hsiao-man kwanon taliya mai zafi, yarinyar ta riƙe shi a cinya ba ta ci ba. Suka kira wayar ubanta, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Da suka sake kira ba ta shiga ba sam.

Wei-lun ya matso ya ajiye mata biskit a gefen tabarma, ya koma wurinsa.

Ana cikin haka suka ji shi. Da farko kamar babbar mota ce take wucewa a nesa, sai ƙarar ta ƙi wucewa, ta yi ta ƙaruwa, gilasan tagogi suka ɗauki rawa, ana jin itatuwa suna kakkaryewa a ciki. Sannan ta tsaya. Warin ɗanyar ƙasa ya shigo zauren.

Wata mata ta fara kiran sunan mijinta, alhali yana zaune kusa da ita. Maza suka fita baranda, amma ba a ganin komai sai farin ruwa. Hsiao-man ta miƙe za ta fita, Pei-ru ta rungume ta ta baya. Yarinyar ta yi ta fizga, ta gaji, ta saki jiki.

"Ni na ce ya koma," ta faɗa a hankali. "Da na bi shi da tuni mun..."

"A'a. Ko kin bi shi, ko ba ki bi shi ba, gida zai koma. Ba ke kika aika shi ba."

Ta faɗa ne kawai. A ranta tana lissafin cewa da ba ta tsayar da shi da gardama a bakin ƙofa ba, da ya riga ya kai, ko ya riga ya juyo. Ko kuma da yarinyar tana cikin motar. Ta rasa wanne za ta riƙe.

Mai unguwa da wasu maza suka sa rigunan ruwa suka ɗauki igiya. Ba su kai ƙofar makaranta ba suka tsaya. Wani abu yana saukowa ta tsohuwar hanyar ƙafa da ke bi ta bayan wurin ibada, a duƙe, a hankali. Chin-fa ne, taɓo har ƙugu, ya goya uwarsa ya ɗaure ta da zanen gado, ita kuma ta riƙe buhun leda a kansu.

Aka taru aka sauke tsohuwar. Hsiao-man ta faɗa jikinta. Tsohuwar ta shafa kanta, ta dubi kwanon taliyar da ya huce.

"Wace ce malamar da ta riƙe mini jika?"

"Ni ce, Kaka."

"Kin riƙe ta kuma kin bar ta da yunwa. A ɗumama mata."

Chin-fa ya zauna a bakin dandamali yana cire takalmi, ruwa yana kwarara daga ciki. Maza suka kewaye shi. Ya ce hanyar mota ta tafi daga kwanar gada, motarsa tana can sama, shi ya sa ya biyo ta ƙafa.

"Gonarka ce ta zaftaro?" in ji mai unguwa.

"Gonata tana nan daram." Ya ɗaga kai ya nemi baban Wei-lun a cikin mutane, ya same shi. "Kurmin gorar da ke gefenta ne ya sauko. Wanda ba a taɓa sa wa adda ba."

Wei-lun ya ja hannun rigar Pei-ru. "Malama, ba kin ce mai ciyawa ba ya zubewa ba?"

"Ya fi daɗewa ne kawai. Idan ruwa ya shiga can ƙasa, ya wuce inda saiwa ta kai, shi ma tafiya yake yi." Pei-ru ta dafa kafaɗarsa. "Ya kamata in gaya muku wannan tun da safe."

Ta koma wajen tukunya tana ɗumama taliyar. Ba ta ji zuwan Chin-fa ba sai da ya tsaya a gefenta, ba takalmi, yana kallon wutar risho maimakon fuskarta. Ta shirya jin sauran faɗan.

"Akwai tsaga a bayan ɗakin Inna," ya ce, yadda ba wanda zai ji. "Da safe babu ita. Na sa hannuna ya shige har kafaɗa, ban taɓo ƙasa ba."

Pei-ru ta daina juya cokalin.

"Idan ruwa ya ɗauke, ki zo ki gani."

"Malam Kuo, ni malamar firamare ce. Akwai masana a gunduma, su ya kamata..."

"Ki kira su. Amma su za su zo da takarda su ce in tashi. Ina so wani ya fara gani, wanda idan bai sani ba zai ce bai sani ba."

Ta dubi zauren, ta dubi Hsiao-man da ta kwantar da kai a cinyar kakarta.

"To. Zan zo."

Ya gyaɗa kai. Ya karɓi kwanon daga hannunta zai kai wa ɗiyarsa, sai ya tsaya, ya dubi ƙafafunta, fararen takalman birni masu santsin ƙasa.

"Ba da waɗannan ba," ya ce, ya wuce.