Keken Inna Zara

"Wata biyu, Hawwa'u. Wata biyu cur! Ko raƙumi aka ce ta ɗinka wa wando, ai da yanzu ya sa ya shiga kasuwa."

Inna Hafsatu, shugabar zumuntar mata, ta buga gindin tsintsiya a tafin hannunta, ta ci gaba da shara tsakanin bencina. Asabar ce da hantsi, ranar gyaran majami'a, kuma su biyu kaɗai suka zo.

"Keken ne ya lalace, Inna," in ji Hawwa'u tana goge tagogi. "Baba na kan gyara."

"Babanki? Yakubun da ya tada injin niƙan Roumbou, wanda ya shekara bakwai kaji na ƙwai a cikinsa? A yini guda fa! Shi ne keken ɗinki zai gagara wata biyu?" Ta miƙe ta dafe ƙugu. "Ɗiyata, ruwa ba ya tsami banza. Matar nan ba ta son ɗinka kayanmu ne, kunya ta hana ta faɗi. Babanki na ɗaurawa, yana ba da baya tana kwancewa."

"Haba Inna. Shekara nawa Inna Zara na yi mana ɗinki?"

"Da mijinta na da rai ke nan. Yanzu wa ya san mai hura mata kunne?"

Saura kwana takwas bikin godiyar kaka, ranar da kowane gida ke kawo damin gero gaban majami'a, mata su shigo da waƙa cikin anko. Su goma sha huɗu ne, kuma tun kafin a fara girbi suka kai wa Zara atamfarsu, shuɗiya mai ganyen rawaya.

"Gobe ana tashi sujada za mu tafi, mu goma," in ji Inna Hafsatu. "Mu kwaso kayanmu a gaban kowa, mu aika Maradi. In ƙyamarmu take, unguwa ta sani."

Hannun Hawwa'u ya tsaya a jikin taga. Duk jama'ar majami'ar nan ba su cika arba'in ba a garin Dakoro. Zamansu lafiya da maƙwabta a kan ƙananan abubuwa yake tsaye: gaisuwar safe, naman layya da ake aiko musu, tuwon biki da su ma suke aikawa. Ta hango mata goma sun cika ƙofar gwauruwa Musulma suna ɗaga murya, yara sun kewaye, maza sun taso daga majalisa. Ta hango Inna Zara, wadda ba ta da gona ba ta da ɗa, sai keken nan da sunanta na mai cika alkawari.

Sai dai ita ma Hawwa'u akwai abin da ke cin ta, kuma ba Zara take zargi ba.

Mahaifinta ne mai riƙe da makullan majami'a shekara ashirin da shida. Shi ke buɗewa, shi ke buga tsohon gwangwanin gas ɗin da ke rataye a bishiyar bedi a maimakon ƙararrawa, shi ke jera kofunan Jibin Ubangiji. In ya gama wannan, sauran ransa na rumfar bayan gida, inda matattun injina ke kwance kamar marasa lafiya a likita: rediyo mai fitila a ciki, agogon bango uku, injin buga takarda da wani mushe, malamin makaranta, ya bar masa. Yana yi musu magana. Yakan kara kunne a jikin ƙarfe ya ce, "Wannan ba mutuwa ya yi ba, fushi yake." Tun da mahaifiyarta ta rasu shekara huɗu da suka wuce, maganarsa da injina ta fi maganarsa da mutane.

To, mutumin da ke zuwa gyara da riga mai baƙin mai har gwiwa, yanzu duk Laraba da la'asar sai ya yi aski, ya sa farar jamfa. Ran nan har ta ji ƙamshin turare a zaure bayan fitarsa. Da ta tambaye shi keken, sai ya tsuguna ya zana mata abin a ƙasa da tsinke: wani ɗan ƙarfe siriri mai lanƙwasa kamar yankakken farce, wanda ke danne zaren ƙasa. Ya ce ya karye ya ɓace, irin na da ne, ya sa a nemo a Maradi. Juma'a bakwai motocin kasuwa suna zuwa suna komawa, ba ƙarfe ba labarinsa. Kuma duk lokacin da yake wannan bayani, ƙasa yake kallo.

Ta sha kwaɓar kanta. Zato zunubi, balle a kan uba.

Inna Hafsatu ta kwashe shararta ta tafi tana mita. Hawwa'u ta ciro makullin kabad daga bakin zanenta. Ba ta taɓa riƙe shi ba sai yau, don Baba ya ɗauki Pasto a moto sun tafi Korahane duba mara lafiya, gobe kuma akwai Jibi, dole a wanke kofuna. Har Baba ya hau moto ya sauko, ya ce ko dai ta bari ya dawo ya wanke da kansa. Pasto ne ya ce rana na yi.

Ta fito da faifan kofunan, ta ɗaga farin ƙyallen da ake rufe gurasa da shi. A can lungu, bayan tsofaffin littattafan waƙa, akwai kwalin ashana. Ta ɗauka don ta ajiye kusa da fitila, sai ta ji bai yi ƙarar ashana ba. Ta tura shi ya buɗe.

Auduga ce, an shimfiɗa ta da kyau kamar gadon jariri. A tsakiya ga ɗan ƙarfen nan mai siffar farce, lafiyarsa lau, ba karaya ba tsatsa, an ma shafa masa mai. Kusa da shi ga 'yar ƙusarsa, ba ta fi ƙwayar gero ba. Wani guntun shuɗin zare na maƙale a bakinsa.

Ta zauna a benci. Ta ji kunya ta rufe ta tun daga ƙafa, irin kunyar wanda ya buɗe ƙofar wanka bai san da mutum ba. Sannan haushi ya biyo. Dattijo mai furfura, a kabad ɗin Jibin Ubangiji! Ya bar mace na shan zargi a bakin mata don ya samu dalilin sa farar jamfa. Bayan haushin kuma wani abu ya zo wanda ba ta shirya masa ba: ta tuna yadda yake dawowa ran Laraba yana 'yar waƙa a hanci, yana tambayarta ko akwai sauran tuwo.

Ta ƙulle kwalin a bakin mayafi. Ba za ta jira shi ba. A rumfarsa ta girma, ta san yadda ake ɗaura abin nan da bakin wuƙa. In keken ya tashi yau, gobe za ta iya tare mata a ƙofar majami'a ta ce an gyara.

Gidan Zara na bayan kasuwar dabbobi, inda Buzaye suka fi yawa. Rana ta take, awaki sun lafe a gindin katanga. Tun kafin ta kai ƙofar ta ji wani sauti da ya sa ta rage tafiya. Taka-taka-taka-taka. Sautin keken ɗinki ne, mai lafiya, yana gudu sumul ba ko tuntuɓe.

Ashe Inna Hafsatu ba ta yi ƙarya ba?

"Salamu alaikum."

Sautin ya ɗauke kamar an yanke shi da almakashi. Aka yi 'yar kiciniya a ciki kafin a amsa.

Zara na zaune a rumfar da take ɗinki, doguwa, siririya, baƙin mayafinta ya rina mata goshi da shuni. An lulluɓe keken da tsohon bargo. Amma matakin ƙafar da ke ƙasa bai gama lilo ba.

"Maraba da ɗiyar Malam Yakubu. Ina gajiya? Ina rana?"

Suka gaisa har ƙarshe, ba wadda ta tsallake ko gida ko dabbobi. Zara ta miƙo mata ruwa a kwanon sha. Hawwa'u ta kurɓa ta ajiye.

"Inna, kamar na ji keke."

"Na maƙwabta ne."

"Maƙwabtanki mahauta ne, Inna."

Hawwa'u ta kwance bakin mayafinta, ta ajiye kwalin a kan tabarma ta buɗe. Ta zo ne da niyyar ba da haƙuri a madadin ubanta, yanzu kuma ba ta san wa ke bin wani haƙuri ba.

Zara ta daɗe tana kallon ɗan ƙarfen. Ta kai yatsa ta taɓa audugar.

"Har mai ya sa mishi," ta ce a hankali.

"Kin sani ke nan?"

"Tun ranar. Igiyar keken ce ta tsinke, ya zo ya gyara kafin ruwan shayi ya tafasa. Ina fifita gawayi na gan shi ta gefen ido, ya kwance wanga abu ya sa aljihu. Hannunshi na kyarma kamar naki yanzu." Ta yaye bargon. Ga rigar shuɗiyar atamfa a ƙarƙashin allura, an kai rabin hannu. "Mijina Rhissa, Allah ya jiƙan shi, bai taɓa sayen abu guda ba. Gidan zaren ƙasa biyu ya bar mini. Ran Laraba nakan cire mai lafiyar in sa gurgun."

Ta tashi ta jawo akwatin ƙarfe daga ɗaki ta buɗe. Riguna ne a ninke, an goge su, kowace da sunan mai ita a 'yar takarda.

"Sha uku. Waccan ta Hafsatu ce, ita ta fi cin yadi."

Dariya ta kuɓuce wa Hawwa'u, hawaye suka biyo ta.

"Inna, me ya sa? Kin san abin da ake faɗi a kanki? Cewa ake ƙyamarmu kike. Gobe mata goma za su zo ƙofar nan su kwashe kayansu a gaban unguwa."

Fuskar Zara ta canja. Ta koma ta zauna, ta gyara mayafinta, ta dubi ƙofar gida kamar matan sun riga sun iso.

"Ƙyama," ta maimaita. "Ni da uwarki ta riƙe mini hannu ranar da na binne ɗana." Ta juyo ta dubi Hawwa'u. "Ɗiyata, shayinmu zubi uku ne. Tun da Rhissa ya tafi, duk mai shigowa gidan nan na farko yake sha, ya karɓi ɗinkinshi ya tashi. Babanki ne kaɗai ke zama har na uku. Nan yake zama, ƙofa buɗe, kowa na wucewa yana gani. Ya baza ƙarafunanshi yana ba ni labarin injina, ban gane ko ɗaya. Ni in ba shi labarin raƙuman babana a kwarin Tarka, shi ma na san bai gane ba. In na ba da kayan nan, mi zai kawo shi?"

Hawwa'u ta sunkuyar da kai. Zuciyarta ta 'yar shekara ashirin da biyu ta riga bakinta.

"To, ba za ku iya..."

"Kul." Zara ta ɗaga yatsa, ba da faɗa ba. "Ke ma kin sani. Yana da ƙararrawarshi, ina da sallata. Ba wanda zai ce wa wani bari, kuma ba wanda zai bari. Shi ya sa bai taɓa faɗin komi ba, ni ma haka. Keke muke gyara."

Wata akuya ta leƙo rumfar, Zara ta kore ta da gefen mayafi. Daga nesa ladan ya fara kiran azahar. Ta zauna gaban keken, ta ɗora ƙafa, ta ƙarasa hannun rigar Inna Hafsatu ba tare da ta ɗago ba. Hawwa'u na kallon allurar na hawa da sauka, ta rasa abin da za ta roƙa. Da aka gama, Zara ta ciji zaren, ta ninke rigar ta ɗora a kan sauran, ta ɗaure su duka a babban zane.

Sannan ta rufe kwalin ashanar, ta kamo hannun Hawwa'u ta danƙa mata.

"Wanga ki maida shi inda kika ɗauko. Kada ki nuna mishi kin gani, dattijo ne."

"In ya ga kayan an ɗinka, alhali ƙarfen na wurinsa, ai zai gane kin sani tun farko."

"Zai gane. Ya fi kowa sanin keke ba ya ɗinki babu shi." Ta ɗaga ƙunshin ta aza wa Hawwa'u a ka, ta gyara mata gammo, ta raka ta har bakin ƙofa. Idonta ya yi ja, amma muryarta ba ta girgiza ba.

"Ki kai wa Hafsatu yanzu, kafin rana ta faɗi. Babanki kuwa ki gaishe shi, ki ce na gode da wahala. Ki ce mishi keke ya tashi. Ran Laraba ba zan ɗora shayi ba."