Tafiyar Ɗanlarai Abidjan

Ranar da likita ya gaya wa Malam Ɗanlarai cewa hawan jinin ido ne ke damunsa, 'yarsa Zakiyya na zaune a gefensa. Likitan bai ɓoye musu komai ba. Ya ce idon hagu ya riga ya tafi, na daman ma ya taɓu sosai, amma in ana ɗiga magani safe da yamma ba fashi, zai iya kai shi wasu shekaru.

Ɗanlarai ɗinkin takalma yake yi a wani ɗan shago a Ƙofar Dumi, yana kuma gyara ƙwallayen da suka fashe. Da ƙuruciyarsa shi ne golan kulob ɗin unguwarsu. Matarsa ta daɗe da rasuwa, ta bar masa 'ya'ya biyu: Zakiyya, malamar firamare da ke aure a Gwallameji, da ƙanenta Usama mai tuƙa keke mai ƙafa uku.

A keken Usama suka komo daga asibitin. Da suka gifta wani gidan kallon ƙwallo, sai Ɗanlarai ya yi 'yar dariya.

"Kun ga, na kusa sittin, ban taɓa ganin manyan 'yan wasan ƙasar nan da idona ba. Kullum sai a akwatin talabijin."

Maganar ta bi Zakiyya har gida. A farkon shekara mai zuwa za a yi gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa, Najeriya kuma a Abidjan za ta buga wasanninta na farko. Ta shawarci mijinta, ya amince, sannan ta kira Usama suka zauna lissafi.

Jirgi dai ba a maganarsa. Mota za a bi daga Bauchi zuwa Legas, daga can a ratsa Kwatano da Lome da Ankara ta Gana. Ga kuɗin fasfo, ga katin rigakafin shawara, ga masauki da abinci. Tikitin shiga fili shi ne ma mai sauƙi, sefa dubu biyar a kujerun can sama. Da suka haɗa komai na mutum uku, Zakiyya ta ga in ta kwashi adashinta, Usama kuma ya riƙa ajiye wani abu kullum, za su kai.

Da ta gaya wa mahaifin nata, ya daɗe yana jujjuya wani takalmi a hannunsa.

"Uwata, wannan ai ba tafiyar talaka ba ce." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Baba, kai dai ka riƙa ɗiga maganinka. Sauran ka bar mana."

Sai dai shekarar ba ta zo wa kowa da sauƙi ba. Fetur ya yi tsada, kuɗin mota ya ninka. Duk lokacin da Zakiyya ta je wurin mai canji a kasuwar Wunti, sai ta tarar sefa ta ƙara hawa. Abin da ta tara a watan jiya ba ya sayen sefar da yake saye a da. Ta fara da cire kanta daga tafiyar. Daga baya ta cire otal, ta samu wani ɗan kasuwar goro, abokin surukinta da ke zaune a Abidjan, ya yarda su kwana a ɗakin baƙinsa. Wasa biyu da ta so su kalla ya koma ɗaya. Abinci kuwa ta ce za ta haɗa musu garin kwaki da ƙuli-ƙuli da dambun nama. Duk da haka akwai giɓi.

Ana nan sai Ɗanlarai ya fara kawo nasa. Duk ƙarshen wata in ta je gaishe shi ta kai masa kuɗin magani, bayan kwana biyu sai ya aiko Usama da kuɗi a ƙulle a leda, ya ce a ƙara. Ta tambaye shi inda yake samu, ya ce makarantu ne suka fara kawo masa ƙwallaye da yawa.

"Kana dai ɗiga maganin ko?"

"Safe da yamma, Uwata. Ga kwalbar can a taga."

Ta duba, ta ga kwalbar, hankalinta ya kwanta.

Sun tashi da safe a watan Janairu. Ɗanlarai ya sa sabuwar shadda da hula zanna, yana ta gaisawa da mutanen tasha kamar mai tafiya Hajji. Ranar wasan, da la'asar, Zakiyya ta kalla a gidan maƙwabta. Aka fara cin Najeriya, ta rama nan take, aka tashi ɗaya da ɗaya. Ba a jima ba wayarta ta yi ƙara.

"Uwata, na gani," in ji shi, muryarsa a dishe. "Na ga komai. Allah ya yi miki albarka."

Ta shiga ɗaki ta yi kukan daɗi.

Washegarin dawowarsu Usama ya zo Gwallameji shi kaɗai. Ya ƙi shiga falo, ya zauna a kan bokiti a tsakar gida. Ta kawo masa ruwa bai sha ba.

"Yaya, Baba bai ga wasan nan ba."

Ta tsaya tana kallonsa.

Ya ce tun a iyakar Togo ya fara lura, da Baba ya yi karo da benci da rana tsaka. Daga nan duk inda za su, gefen rigarsa yake riƙewa. A filin wasa kuwa, da suka hau can sama suka zauna, sai Baba ya tambaye shi ko 'yan wasa sun fito, alhali suna tsaye a jere ana taken ƙasa.

"Ya ce wani ɗan kore-kore kawai yake gani, kamar ta cikin hayaƙi. Ni na riƙa gaya masa wanda ke da ƙwallo. Da muka rama, sai da ya ji ihu sannan ya miƙe, ya rungume wani mutum da bai sani ba yana zaton ni ne."

"Amma ai yana ɗiga magani."

Usama ya sunkuyar da kai. "Duk tafiyar ban ga ya ɗiga ba, sai na tambaye shi. Kwalbar nan ta taga ba komai a ciki. Tun bayan babbar Sallah bai ƙara saye ba. Kuɗin da yake aiko ni da su, kuɗin maganin da kike ba shi ne."

Zakiyya ta ɗauki mayafinta. Ba ta ko kulle ɗaki ba.

Ta same shi a ƙofar shago, zaune, hannuwansa a kan gwiwa. Sai da ta yi sallama ya juyo, kuma ba daidai inda take ya kalla ba. Ta durƙusa a gabansa.

"Usama ya gaya miki," in ji shi.

"Baba, me ya sa? Da ka faɗa mini ai sai a fasa."

"Shi ya sa ban faɗa ba. Ina ganin yadda kike zuwa nan kina ramewa, kullum kin cire wani abu. Na ce wata shida ne kawai, idon zai jira ni. Bai jira ba."

"Ni na jawo maka. Da ban kawo maganar tafiyar nan ba…"

"A'a. Ke kuɗin magani kika ba ni. Abin da na yi da su, ni na yi." Ya laluba ya dafa kanta. "Kuma na je, Uwata. Da aka ci ƙwallon nan sai da simintin ya motsa a ƙarƙashin ƙafata. Wannan ba a jinsa a talabijin."

Ta kifa fuska a gwiwarsa tana kuka.

Sun koma asibiti a makon. Likita ya haska idon, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa. Ya rubuta maganin dai, ko za a tsare ɗan hasken da ke raba masa dare da rana.

Mijin Zakiyya ya gyara ɗakin da ke kusa da ƙofar gida, aka shirya Ɗanlarai zai koma wurinsu. Kafin a mayar wa mai shago makullinsa, sai da aka fito da aikin mutane da ya rage, takalma kusan buhu guda da ba a ɗinka ba. Babu suna a jikin ko ɗaya. Zakiyya ta riƙa miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, yana shafa dunduniya da bakin yagewar, yana faɗin mai shi da lungun gidansu. Usama ya loda su a keke. Suka wuni suna bi gida-gida suna mayarwa, suna ba mutane haƙuri.