Shaidar Malam Jaji

Mai sayen gidan ya tare Malam Jaji a ƙofar masallaci, alwalar La'asar ba ta ko bushe ba.

"Baba, sunana Abdulgafar. An ce kai ne maƙwabcin Malam Timoti. Tsakani da Allah, kwarin nan na bayan gidan yana ci?"

Yana ci mana. Daminar bara ya haɗiye bishiyar mangwaro da rabin banɗaki. Malam Jaji da kansa ya taya Timoti jera buhunan yashi, ya samo ciwon bayan da yake taƙama da shi har yau.

Amma Dokas, matar Timoti, sau biyu a mako ake mata wankin ƙoda, kuma gidan ne kaɗai abin da ya rage a sayar. Shekara ashirin da uku ke nan katanga ɗaya ta raba gidajensu a unguwar Malam Inna. Dokas ce ta karɓi haihuwar Rumaisa, 'yar Malam Jaji, ranar da ruwa ya datse hanyar asibiti.

Kwana uku Malam Jaji yana bitar amsarsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana rubuta wa gwamnati rahoto, a ganinsa ƙarya ɗaya ba za ta gagare shi ba. Sai ga harshe ya yi masa nauyi.

Ya gyara hula. Ya yi tari. "To, ka san ita ƙasa…"

"Yana ci, ɗana."

Timoti ne, tsaye a bayansu da ledar magani a hannu.

"Duk damina sai ya ci taku biyu. Je ka duba bayan katanga, na rufe wurin da kara. Kada ka sa dattijo rantsuwa."

Abdulgafar ya yi godiya, ya yi wa mai jiki addu'a, ya hau babur ɗinsa.

Malam Jaji da Timoti suka nufi gida. Sai a bakin ƙofa Malam Jaji ya iya magana.

"Wa ya aike ka? Da na gama maganar nan."

"Na sani. Shi ya sa."

"To Dokas fa? Alhamis za ku koma asibiti."

Timoti ya daɗe yana kallon ledar.

"Ita ta turo ni. Ta ce kar a wanke mata jini da sallarka."

Ya shiga, ya tura ƙofa a hankali, kada ta farka.